Yadda za ka koya wa ɗalibi ya yi Turanci daidai ba tare da ka kashe masa baki ba

Akwai wata yarinya da na koyar a SS2 a wata makaranta nan cikin gari, in dai a takarda ne ba ka da abin da za ka nuna mata. Ka ba ta jimla 20 kace ta mayar da su zuwa abin da ya wuce, za ta ci 19 ko ma ta cinye duka. Amma ranar da nace ta tashi ta faɗa mana abin da ta yi ranar Asabar, sai ta miƙe tana murza gefen hijabinta tace "On Saturday I go to Kurmi market and I buy..." sai ta tsaya, don 'yan layin baya sun fara ƙunshe dariya, ta koma ta zauna, kuma har zangon ya ƙare ban sake jin muryarta da Turanci ba. Ta san went, ta san bought, da hannunta ta sha rubuta su, bakinta ne kawai bai saba da su ba.

Irinta suna da yawa a Kano, kuma ba laifinsu bane. Duba ko jarrabawar furuci ta WAEC, tambaya 60 ce kuma duk ta zaɓi, yaro zai iya cin ta tas bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Toh sai ya gama sakandare ya je intabiyu ko a tsayar da shi gaban aji a BUK, nan ne abin ke fitowa fili. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake yi yanzu bayan shekaru ina gwada wannan ina gwada wancan, a aji da kuma a lesin ɗin yamma. Duk abin ya ginu ne a kan abu ɗaya da na tabbatar: gyaran da ɗalibi ya yi wa kansa da bakinsa shi ne yake zama, aikinmu mu malamai shi ne mu kai shi inda zai ji kuskuren da kunnensa.

Mataki na farko: sati guda kana saurare

Satin farko kar ka gyara komai. Na san da wuya, bakin malami ƙaiƙayi yake in ya ji kuskure, amma ka daure. Ka samu 'yar jota ka raba shafi gida uku, gida ɗaya na furuci, ɗaya na ginin jimla, ɗaya na maganar da aka ɗauko daga Hausa aka sa mata rigar Turanci. Ka sa su magana a kan abin da suka sani, hanyar da suke biyowa zuwa makaranta, abin da aka dafa jiya a gida, wasan ƙwallon da suka kalla, kai kuma kana rubuta jimlolin yadda suka fito ba tare da sunan kowa ba.

Ƙarshen sati sai ka zauna da jotar. Za ka ga kurakuran da ka zata ɗari ne ashe biyar ne ko shida suke ta maimaita kansu. Sannan ka tantance su, don ba duka ne iri ɗaya ba. Rubuta jimlar a allo kace "akwai matsala a nan?" In suka gyara nan take toh sun san ƙa'idar, baki ne bai saba ba, wannan atisaye yake so ba bayani ba. In suka kalle ka suka kalli allo ba su ga komai ba, toh wannan ba su sani ba ne, sai an koyar tukuna kafin a nemi su faɗa daidai. Malamai da yawa muna ɓata firiyod guda muna bayanin abin da yara sun riga sun haddace tun JS1.

Daga nan ka zaɓi sauti ɗaya da ƙa'idar nahawu ɗaya da za ka bi na sati uku ko huɗu, kuma a kowane aikin magana abu ɗaya kake farauta, taura biyu ba ta taunuwa. Ka fara da wanda ke canza ma'ana, wanda zai sa mai sauraro ya fahimci wani abu daban. Karin harshe irin namu na Arewa ba kuskure bane kuma ni ba na neman yaro ya koma Bature. Nakan kunna musu minti ɗaya na jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960, yana nan a YouTube, su ji yadda mutumin Bauchi, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa, yake fitar da kowace kalma tar, a nutse, ba gaggawa.

Mataki na biyu gajere ne amma in babu shi sauran ba za su yi aiki ba. A kafa doka tun ranar farko, ba a yi wa kowa dariya in ya yi kuskure, kuma ka tsaya a kan dokar nan da gaske, ba da bulala ba, da fuska da magana. Ni nakan ce musu duk wanda bai yi kuskure ba a ajin nan yau toh bai yi aiki ba. Sai maganar tarar banakula. Na taɓa koyarwa a inda monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a karɓi tara, wallahi abin da muka samu shi ne aji mai shiru kamar an yi mutuwa, yaran sun daina Hausa kuma ba su fara Turanci ba. Hausar nan kayan aiki ce a hannunka, za ka gani a ƙasa.

Mataki na uku: kunne kafin baki

Nan zan ɗan daɗe. Turanci yana da sautuka wajen 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, mu kuma wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, ai da au. Don haka akwai sautukan da kunnen Bahaushe yake ji a matsayin abu ɗaya. Babban misali p da f. Namu f ɗin na Kano da leɓɓa biyu ake yin sa, haƙori ba ya shiga, yana zaune ne tsakanin p da f na Turanci, shi ya sa fifty people ke fitowa a birkice kuma mai maganar bai ji ya yi wani laifi ba. Kana ta ce masa "ba haka bane, people!" shi kuma a kunnensa abin da ya faɗa kenan.

Ga yadda nake yi. Ina raba allo biyu, gefe na 1 in rubuta pan, pull, pill, copy, gefe na 2 in rubuta fan, full, fill, coffee. Sai in kare bakina da littafi in faɗi kalma ɗaya, su kuma su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu, ba wanda zai yi magana. Ko ajin mutum 80 ne, kallo ɗaya za ka ga waye ya ji waye yake leƙen hannun maƙwabcinsa. Ranar farko za ka ga hannuwa a rabe kusan rabi da rabi, kar ka damu. Sai ka cire littafin su ga bakinka, ka sake. Minti biyar kullum ya isa, kar ka mai da shi darasin yini guda.

Sai a zo baki, kuma a nan ne muke da wata dukiya da yawancinmu ba mu taɓa amfani da ita ba, wato Islamiyya. Kusan duk yaron da ke gabanka ya zauna gaban malamin tajwidi an koya masa mafitar haruffa. Ka tambaye su, harafin fa'un daga ina yake fita? Za su ce maka cikin leɓen ƙasa da gefen haƙoran sama. Toh shi ne f na Turanci, ba ƙari ba ragi. Haka sautin farkon think, wanda muke mayarwa sink, shi ne harafin nan mai ɗigo uku na farkon thumma, kan harshe ya taɓa gefen haƙoran sama. Na farkon this da that kuma, wanda muke mayarwa zis da zat, shi ne zalun na cikin allazi in an karanta shi yadda malamin tajwidi yake so. Ranar da na fara faɗa wa wani aji haka, wani yaro daga gefen taga yace "Malam, ashe dama mun iya!" kuma daga ranar in ya ce sank you sai in ce masa "thumma" kawai, ya yi murmushi ya sake.

P kuwa babu shi a Larabci, sai a yi masa dabara. Kowa ya yago 'yar takarda ya riƙe gaban bakinsa, a rufe leɓɓa ruf sannan a sake su da ƙarfi, in takardar ta yi tsalle an yi p. V kuma f ne da aka sa wa murya, a ɗora yatsa a maƙogwaro a ja ffff sannan vvvv, za su ji rawar da maƙogwaro ke yi a na biyun, daga nan sai vote da boat, van da ban, vest da best. In akwai waya a buɗe kyamarar gaba ta zama madubi. Kuma kar a tsaya a kalma ɗaiɗai, yaro yana iya faɗin people daidai shi kaɗai amma ya shiga jimla ya rikice, don haka a gina jimlar da za ta haɗa su, irin "Five people paid for the phone at Farm Centre", a faɗa a hankali sannan a ƙara sauri. Ka tuna musu ph na phone f ne, rubutun na ruɗar su.

Akwai kuma cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka ari kalmomi muka cusa musu wasali suka zama burodi, fulawa, firamare, sukudireba. A Hausa daidai ne, amma in aka koma Turanci wasalin nan sai ya biyo mu, school ta zama sukul. Maganinsa a ja s ɗin kamar hucin maciji, ssss, sannan a manna sauran ba tare da an numfasa ba. Wasula kuwa Hausa ce ma za ta taimake ka: ka tambaye su bambancin gari da ake zama a ciki da gari na tuwo, za su ce ɗaya an ja shi. Toh ka shiga ship da sheep, live da leave ta wannan ƙofar. Ba tsayi kaɗai ne ya raba su a Turanci ba amma mafari ne mai kyau.

Mataki na huɗu: sauko da nahawu daga allo zuwa baki

Ka fara da gaya musu dalilin kuskuren, da Hausa ma in ta kama, minti biyu. Mu a Hausa lokaci a jikin wakilin suna yake: na saya, zan saya, nakan saya, kaga saya tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke canzawa. Turanci kuma aikatau ɗin kansa yake canzawa. Don haka in Bahaushe ya ce yesterday I, a ƙwaƙwalwarsa ya gama nuna lokaci, sai ya saki go yadda take. In yaro ya fahimci wannan sai ya daina ganin kansa a matsayin daƙiƙi, ya gane cewa harshe ne ke jan harshe.

Sai a ɗauki aikatau goma da ba a yini ba a yi amfani da su ba: went, came, saw, ate, bought, took, gave, said, met, paid. A yi tambaya da amsa cikin sauri layi layi, na gaba ya juyo ya tambayi na baya, "What did you eat last night?" ya amsa da cikakkiyar jimla, shi ma ya tambayi na bayansa. Wannan atisaye ne, minti bakwai ya isa, in ya wuce haka ya zama waƙa, baki na yi hankali na wani wuri. Masu ƙarewa da ed kuma a nuna musu ƙarshen kala uku ne, walked da t, played da d, wanted da id, don wasu suna sa shi a zuci amma ba ya fita a baki.

Daga nan sai labari na gaske, kuma kafin kowa ya yi magana a ba shi minti biyu ko uku ya shirya. Wannan shirin yana da tasiri sosai, mutum ba ya iya tunanin me zan ce da yaya zan ce shi a lokaci guda in harshen ba nasa bane. Amma ga sharaɗi, aikatau kaɗai za a rubuta a takarda, guda shida ko takwas a jere, ba jimla ba. In ka bar su suka rubuta jimla karatu za su yi maka ba magana ba.

Haka za ka bi da sauran. In s na he goes kake nema, kowa ya ba da labarin yinin yayansa ko mahaifiyarsa, mai tuƙa adaidaita sahu ko mai ɗinki, abin da yake yi kullum tun daga asuba. In jam'i ne ka tuna mu muna iya cewa mota uku, shi ya sa three car ke fitowa, sai a yi wasan ciniki irin na Kantin Kwari ana ƙirga yadi da bandir. In tambaya ce, ka ɓoye abu a aljihu su yi ta tambaya har su gano, amma duk tambayar da aka gina ta kamar "It is a key?" ba za ka amsa ba sai an juya ta. Kuma ka ware rana guda don tambayar korewa, saboda mu in aka ce "ba ka zo ba jiya?" mukan ce "e" muna nufin ban zo ba, a Turanci kuwa no ake cewa, wannan ya sha haɗa mutane rigima da baƙi.

Mataki na biyar: yadda ake yin gyaran kansa

Duk wanda ya taɓa zuwa musabaƙa ya ga yadda alƙalai ke yi. Mai karatu ya yi kuskure, ba a faɗa masa kalmar, ƙararrawa ake bugawa, ya tsaya ya koma baya ya nemo da kansa, sai ya kasa ne ake ɗora shi. Malamin hadda ma haka, gyaran murya kawai zai yi ko ya ɗan bugi ƙasa. Wannan tsarin da muka tashi da shi ya fi abin da yawancinmu ke yi a ajin Turanci nesa ba kusa ba, inda yaro zai ce "I go to market" malam ya ce "I went to the market, good, sit down", an wuce wurin kenan.

Wasu masu bincike biyu a Kanada, Roy Lyster da Leila Ranta, sun bi azuzuwan yara masu koyon Faransanci suka fitar da sakamako a 1997. Sun ga sama da rabin gyaran da malamai ke yi irin wannan ne, na maimaita jimlar yaro a gyare, kuma shi ne wanda a mafi yawan lokuta yaran ba sa ma nuna alamar sun lura an gyara musu wani abu. Hanyoyin da ke tura yaro ya nemo da kansa su suka fi kai shi ga gyarawa.

Toh ni tsani nake hawa, kuma ba na tsallake mataki. Da farko alama kawai: in lokacin da ya wuce ne sai in nuna bayan kafaɗata da babban yatsa, in s ne ya faɗi akwai babban S da na rubuta a kusurwar allo sai in nuna shi. In bai gane ba sai in maimaita jimlarsa in tsaya daidai bakin ramin, "On Saturday I...?" In har yanzu, sai yatsu: kowace kalma yatsa ɗaya, in ƙirga su a gabansa in kama yatsan da matsalar take in girgiza, in kalma ce ta ɓace kamar the ko to sai in bar yatsa ɗaya a tsaye ba mai shi. In bai samu ba in ba shi haske da kalma ɗaya, "lokaci". Sai na biyar in ce wa zai taimaka masa, mutum ɗaya ba duka aji ba. Ni ne na ƙarshe. Kuma ko wa ya kawo amsar, mai jimlar ne zai sake faɗinta cikakkiya da bakinsa kafin ya zauna.

Tsakanin kowane mataki ka jira. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna tun shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara suna ƙara tsawo da kyau. Ka ƙirga biyar a zuciyarka, ka hana masu "Malam ni, Malam ni" su ƙwace masa. Bayan sati biyu za ka ga abin da ke faranta min rai fiye da komai a aikin nan, yaro na cikin magana ya ce I go, sai ka ga nasa yatsan ya tafi bayan kafaɗa shi kaɗai, ya ce I went, ba ka ce uffan ba.

Yaushe ake gyara? Lokacin atisaye nan take. Lokacin da yaro ke ba da labari kuwa kar ka katse shi, ka rubuta a jota, in an gama ka sa jimla biyar a allo, huɗu masu matsala ɗaya mai kyau, ba suna, ka ma ɗan canza wasu kalmomin don kar a gane mai ita, su tattauna bibbiyu su gyara.

Manya kuma sai da lura. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da nake koya wa da daddare saboda yana hulɗa da masu kawo masa kaya daga Chana da Indiya, ranar farko yace min "Malam, ka gyara min komai, amma ba a gaban yaran shagona ba." Dattijo irin wannan ba a nuna masa yatsa, sai dai ince "Alhaji, a ƙara min wannan ta ƙarshen", ya gane, ya sake.

Mataki na shida shi ne maimaici. Labarin da aka shirya a faɗe shi sau uku ga mutum uku daban daban, a aji mai cunkoso ba sai an tashi ba, na dama, na baya, sannan na gaba. Akwai sananniyar dabara da ake kira 4/3/2 wadda Paul Nation na Niyuzilan ya yi nazari a kanta a 1989, a faɗi labari cikin minti huɗu, sannan uku, sannan biyu. Tana da kyau wajen sakin baki da sauri, amma in daidaito kake nema matsin lokaci na sa yaro ya maimaita kuskurensa ne da gudu. Don haka ni minti biyu biyu nake bayarwa duka ukun, kuma tsakanin zagaye akwai minti ɗaya na gyara: mai sauraro aikinsa ɗaya ne tak, yana riƙe da biro yana yin 'yar alama duk sanda ya ji aikatau ɗin da ba a mayar baya ba, sai ya gaya wa abokinsa. Zagaye na uku za ka ji bambanci da kunnenka.

Mataki na bakwai: waya

Ba abin da ke buɗe wa mutum kunne kamar ya ji muryarsa. A ɗauki minti ɗaya yana magana, ya saurara ya rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma har da kurakuran, sannan ya ɗauki jan biro ya gyara da kansa, sannan abokinsa ya duba, sannan kai, sannan ya sake ɗauka. Minti ɗaya kawai fa, don rubuta shi na cin kusan kwata na awa. A makarantun da aka hana waya sai a mai da shi aikin gida ko a yi da wayar malami mutum uku a kowace rana. In ta WhatsApp za a turo, musamman 'yan mata, a bi ta wayar iyaye da saninsu da sanin hukumar makaranta, kuma kar a taɓa kunna muryar wani a gaban aji sai ya yarda.

Abu na ƙarshe da za ka ba su shi ne 'yan makaman da za su riƙe in ba ka nan. Su haddace jimlolin ceto har su zama kamar sallama a bakinsu: "Sorry, I mean...", "Let me say that again", "How do you say this in English?", "It is something we use for...". Ka nuna musu cewa tsayawa a gyara magana ba abin kunya bane, masu harshen ma suna yi. Su rage gudu, yawancin yaranmu sun ɗauka sauri shi ne iya Turanci. Sannan su riƙa koyon kalma tare da abokiyar tafiyarta, saboda manyan aikatau ɗinmu guda uku, ji da sha da ci, kowanne ya rabu gida gida a Turanci. Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin wari, muna jin Turanci, can kuwa hear ne da feel da smell da understand. Muna shan ruwa da magani da rake da iska da wahala, can drink water ne amma take medicine. Muna cin tuwo muna cin jarrabawa muna cin kasuwa, can pass an exam ne. Haka ara min da ke zama borrow me maimakon lend me, da ina zuwa da muke cewa I am coming alhali fita za mu yi. Kowa ya ware shafin baya na littafinsa ya riƙa tara irin waɗannan, kuma ya rubuta kurakuransa uku na kansa da zai duba kafin ya tashi magana.

In firiyod ɗinka minti 40 ne ga yadda nake raba shi: 5 na kunne da yatsu, 7 na atisaye, 3 na shiri, 12 na labari sau uku da gyaran tsakani, 8 na jimlolin allo, 5 na ƙarshe mutum biyu ko uku su tashi su faɗi nasu a gaban aji, kuma ka fara da masu so, masu kunya ka bar su sai sati na biyu ko na uku. Ajin zai yi hayaniya, ka sanar da malamin da ke maƙwabtaka da kai da shugaban makaranta tun kafin su leƙo. Ko sau biyu a sati ka samu ka yi haka ya wadatar, sauran ranakun ka bi manhajarka.

Don ka san ko ana ci gaba, ka ajiye rikodin ɗin mutum biyar na satin farko, mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni. Ka ƙirga sau nawa ya kamata a mayar da aikatau baya kuma sau nawa aka yi daidai, ka rubuta, misali 3 cikin 10. Sati na huɗu ka ba su wani labarin daban ka sake ƙirgawa, ka nuna wa kowa nasa shi kaɗai. In ya kai 8 cikin 10 a maganar da ba a shirya ba, ka matsa zuwa abu na gaba a jotarka, amma alamar yatsan nan tana nan ba a ajiye ta.

In aka dawo daga dogon hutu za ka ji I go da sank you sun dawo a bakin wasu, har waɗanda ka ɗauka sun wuce wurin, wata biyu kenan ba su yi Turanci da kowa ba. Kar ka buɗe sabon babi a satin nan. Ka ɗauko tsohuwar jotar, ka raba allo biyu, ka kare bakinka da littafi a sake wasan yatsu, sannan kowa ya rubuta aikatau takwas ya ba na kusa da shi labarin yadda ya yi hutu.